Dokin da Ba a Gama Horarwa Ba

Da wuya mako ya wuce wani saurayi bai sauka a tashar Utako ya nemo bargar da nake aiki a bayan gari ba, ya ce yana son koyon aikin doki. Idan na tambaye shi abin da ya ja hankalinsa, amsar kusan ɗaya ce: hoton Kwamanda Ishaya. Kowa ya san hoton, domin an manna shi a turakun lantarki tun daga Zuba har tsakiyar birni. Mutum ne cikin kaki a kan doki bidi, wato fari mai ɗigon toka, suna keta rafi ruwa yana fantsama. Ishaya shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙasa baki ɗaya a yau, har ana raɗe-raɗin cewa kujerar da ta fi wannan tana jiran sa. Samarin nan sun ɗauka hawa shi ne aikin, kuma saboda su na zauna na rubuta wannan. Ni na horar da dokin da ke cikin hoton. Sa'ad da aka ɗauke shi ina can baya, rataye da jakar magani.

Sunana Nasiru. Mahaifina Bakatsine ne mai rumfar lemo da ayaba a kasuwar Zuba, kuma a nan aka haife ni. Na karanta kiwon lafiyar dabbobi a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo rumfa ina tsince ruɓaɓɓen lemo daga cikin mai kyau. A shekarun ne masu garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan da ke bayan Yangoji. Sukan kwashi manoma daga gonakin doya su shige da su cikin duwatsu, inda mota ba ta zuwa. Babur yana zuwa, amma ƙararsa tana riga shi isa. Sai dattawan yankin da wani hafsan soja suka yanke shawarar kafa rundunar sa-kai ta mahaya, wadda za ta riƙa shiga daji tare da sojoji. Aka ce ana neman wanda ya san allurar dabba. Na tafi.

Aikin farko da aka ba ni shi ne shebur. Wanda ya miƙo mini shi Baba Tanko ne, tsohon ɗan sandan doki da ya yi ritaya, wanda aka damƙa wa barga. Na nuna masa takardar shaidata, ya duba ta da ladabi ya mayar mini.

«Allah ya sa albarka, ɗan boko. Allura taka ce, ba zan taɓa ba. Amma fara kwashe mini kashin nan, ka gaya mini wane doki ne bai sha ruwa sosai ba jiya.»

Haka na fara. Kashin doki yana ba da labarin cikinsa kafin dokin ya kwanta, kuma wanda yake ƙyamar kallon sa ba zai yi nisa a wannan sana'a ba. Daga shebur na koma ragama, igiyar da ake sa wa doki a ka don a ja shi. Daga ragama sai linzami. Baba Tanko ba ya yarda a tura ƙarfe mai sanyi a bakin doki da safe, sai an dumama shi a tafin hannu. Majayi, abin da ke ɗaure sirdi a ciki, idan yatsu biyu ba su shiga ƙarƙashinsa ba ka shaƙe dokin, idan hannu ya shiga gaba ɗaya ka kayar da mahayi. Zubka, shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, ana kakkaɓe ta kullum, domin ƙaya guda ta isa ta hana doki aiki har bayan ya warke. Akwai ƙugiyar da ake sakace kofato da ita, wadda nake ɗauke da ita a aljihu har yau, ko ɗaurin aure zan je. Ƙaimi kuwa Baba ya kulle shi a akwati. Ya ce sai wanda ƙafarsa ta daina rawa zai ba.

Wata rana da azahar wata goɗiya ta kumbura, tana tona ƙasa tana waiwayen cikinta. Na yi mata allura, Baba ya miƙo mini ragama ya ce kada in bari ta kwanta, domin idan ta yi birgima hanjinta zai murɗe. Na yi ta zagaya fili da ita har la'asar sakaliya, ƙafafuna suka yi bororo, sannan ta saki iska ta nemi ciyawa. Babu wanda ya tafa mini. A ranar na fara gane irin sana'ar da na shiga.

A makon da na zo ne Ishaya ma ya zo. Tare muka yi sakandare, kuma ban taɓa barin ya wuce ni a jarrabawa ba. Ɗan Yangoji ne, Gbagyi, malamin firamare, kuma an sace ƙanin mahaifinsa a gona. Bai taɓa hawa ko jaki ba. Ranar farko ya zo ta hannun dama zai hau, alhali ta hagu ake hawa da sauka, doki ya juya ya bar shi da ƙafa ɗaya a likkafa yana tsalle. Da ya samu ya hau, sai ya kama linzami yana ja kamar mai jawo guga daga rijiya.

«Wannan ba hawa ya yi ba,» in ji Baba Tanko, «ɗora shi aka yi, kamar buhun doya.»

Ishaya ya yi dariya fiye da kowa. Ya dube ni daga sama ya ce, «Likita, dokinka ba ta jin Hausa ne?»

«Ticha, doki namiji ne. Kuma yana ji. Kai ne ba ka faɗa masa komai ba.»

Ni kuwa cikin ɗan lokaci na iya taƙama da sassarfa da sukuwa, har zamiya nakan yi in tsaya cak a gaban turke. Duk barga an san babu mahayi kamata. Da lokacin naɗa kwamanda ya zo, dattawa suka zauna da hafsan soja a ƙarƙashin mangwaro, na sa kakina mai guga na tsaya inda za a gan ni. Suka kira Ishaya. Yana magana da manoma da yarensu, da makiyaya da Hausarsa mai karyewa, da sojoji da Turanci, kuma fasto da liman duk sun san gidansu. Na je wurin Baba Tanko na ce masa ai ya san wanda ya fi iya hawa.

«Na sani,» ya ce. «Ni na ce a bar mini kai. Mahayi zan samu goma a kasuwa, yaro. Mai hannun kula da doki kuwa, kai kaɗai nake da shi.»

Ya faɗa ne a matsayin yabo. Na yi godiya kamar yadda ya kamata, na koma na ɗauki shebur.

Yanzu ga babban aikin, wanda ya raba dokin soja da dokin kilisa. Doki dabba ce da Allah ya halitta da gudu. Idan ya ji ƙara ba ya tambaya, juyawa yake yi. Hanyar da Baba Tanko ya koya mini ta cire masa wannan tsoro mataki uku ce. Da farko, sai an zuba dawa a kwami dokin ya sa baki, sannan wani ya harba bindigar toka daga can nesa. Zai zabura, amma yunwa za ta mayar da shi. Mataki na biyu, a riƙa matso da bindigar sannu a hankali, har ya zama ana harbi a gefen kwamin kafin a zuba, hayaƙin albarushi yana shiga hancinsa. A nan dokin ya daina tsoro, amma ya koyi wani abu dabam: duk inda ƙara ta tashi, abinci yana can. Mataki na uku shi ne a raba masa su. A sa masa dabaibayi, a harba, kada a zuba komai. Idan ya tsaya, mahayi ya miƙa masa ɗan gero a tafin hannu bayan an jima. Idan ya yunƙura, a sake daga farko. Wannan mataki ya fi sauran biyun tsawo da gundura, kuma babu abin kallo a cikinsa. Dokin da aka gama horarwa, ana harbi yana korar ƙuda da wutsiya.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta biyu. Damina ta yi ƙarfi, ciyawa ta rufe hanyoyi, ƙudan tsando ya cika bakin rafuka. Dawakinmu daga arewa aka kawo su, ba su san shi ba. Sammore, cutar da cizonsa yake kawowa, ta shiga barga. Doki yana ci yana ramewa, ƙafafu su kumbura, ido ya yi fari, wata safiya ka tarar ya kasa tashi. Maganin da muka fara saya a kasuwa jabu ne, kafin in gane mun rasa mafi kyawun dawakinmu. Na yi ta turara hayaƙin ɗanyen ganye a barga, na hana kai su rafi da hantsi, na yi allura har babban yatsana ya yi kanta. Mun haƙa ramuka da yawa a shekarar. Ramin doki ba ƙaramin rami ba ne. Cikin wannan hali Baba Tanko ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida, bai dawo ba. Allah ya jiƙansa. Barga ta koma hannuna.

Dokin hoton, wanda muke kira Bidi, ya zo ne a motar da ta kawo albasa Zuba, yana warin albasa har mako ya zagayo. Matashin ingarma ne mai faɗin ƙirji da son abinci. Mataki na farko da na biyu ya wuce su kamar wasa. Har ya kai idan wani maharbi ya harbi zomo a bayan gari, sai Bidi ya yi haniniya ya ja turke ta wannan fuskar. Ina shirin fara na uku ke nan aka kawo labari cewa an kwashe mutane daga wata gona, har da mata, kuma an ga inda aka bi da su. Dokin Ishaya yana cikin waɗanda muka binne. Ishaya ya shigo barga yana ɗaura bel.

«Likita, ba ni Bidi.»

«Ba a gama shi ba. Ga akawal ɗin nan, baƙin, tsoho ne amma ya san aiki.»

«Yana tsoron bindiga?»

«Bidi? Ba ya tsoro. Amma ba ya tsayawa.»

«Sa masa sirdi.»

Na ce masa ni dai na faɗa. Ya ce ya ji. Na ɗaura majayi, na gwada da yatsu biyu, na miƙa masa linzami.

Da hantsi muka isa wani rafi mai duwatsu a ɗaya gefen. Tsarin da sojoji suka koya mana shi ne idan aka buɗe wuta kowa ya sauka, ya riƙe dokinsa, ya kwanta, a jira su su zagayo ta gefe. Sojojin suna baya da nisa, domin a ƙasa suke tafe cikin laka. Muna gab da ruwa aka buɗe mana wuta daga cikin duwatsu. Dawakin da na gama horarwa suka tsaya cak, kamar yadda na koya musu. Mahaya suka fara zamewa ƙasa. Bidi ya ɗaga kunnuwa, ya yi haniniyar nan da na sani ta lokacin zuba dawa, ya faɗa cikin rafin da sukuwa, ya nufi inda ƙarar take fitowa.

Hannun da ake gani a sama cikin hoton, wanda ake cewa yana kiran runduna ne, ni na ga lokacin da ya tashi. Likkafar hagu ce ta kuɓuce masa. Amma mutanenmu ba su ga likkafa ba. Sun ga malamin makaranta ya shiga wuta shi kaɗai, kunya ta kama su, suka koma kan sirdi suka bi shi da ihu. Ɓarayin kuwa ba su taɓa ganin doki ya nufo bindiga ba. Suka ɗauka runduna ce babba, suka bar tukwanensu a kan wuta suka haye dutse. Aka kwance mutanen da ransu, sai wani dattijo da harsashi ya shafa a cinya. Wani soja da ya riga 'yan'uwansa isowa bakin rafin shi ya ɗauki hoton da wayarsa.

Da na ƙetara na tarar mata sun kewaye Ishaya suna kuka suna sa masa albarka. Bidi yana gefe, ya tura kansa cikin buhun garin da ɓarayin suka bari, yana ci. Na duba ƙafafunsa huɗu, na sakace tsakuwa daga kofato ɗaya. Babu wanda ya tambaye ni komai.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Hoton ya zagaya wayoyi, 'yan jarida suka zo Yangoji, aka kira Ishaya birni. Daga shugaban yanki ya zama na shiyya, daga nan ya zama na ƙasa. Ban ce bai yi aiki ba. Ya sake fita daji sau da dama bayan wannan, a kan akawal, ya sauka ya kwanta kamar kowa. Ya kuma samar wa iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki abin da ba su taɓa samu ba. Amma ba don wannan ake manna hotonsa ba. Na saurare shi a rediyo yana ba da labarin rafin, an ce masa me ya ji a zuciyarsa, ya ce shi dai ya ga kansa a can. Aka ce tawali'u ne. Ni kaɗai na san cewa gaskiya ya faɗa.

Da aka rushe rundunar mahaya, na samu aiki a wannan barga ta masu hali, Ishaya ya bar mini Bidi in riƙe masa. Masu zuwa nan iri-iri ne. Akwai mai kawo 'ya'yansa ranar Asabar ya ce kada a bari su faɗi kuma kada a riƙe musu ragama. Akwai wani Alhaji da ya sayi doki don hoto, yana ba shi burodi da lemon kwalba, da ya kumbura ya ce ni ne ban iya ba. Kowannensu idan ya ji cewa tsohon bidin da ke ɗakin ƙarshe shi ne na hoton, sai ya je ya tsaya kusa da shi, ya miƙo mini waya ya ce, «Oga, ɗauke mu.» Na ɗauki irin wannan hoto ba adadi. Duk babbar Sallah direban Ishaya yakan kawo mini rago. Rago mai kyau ne. Nakan duba haƙoransa, ban taɓa samun abin kushewa ba.

Har zuwa bana ban taɓa yi wa Bidi mataki na uku ba. Babu harbi a nan, babu dalili. Haka nake faɗa idan na tambayi kaina.

A bana wani mutum mai kwat daga ofishin Ishaya ya zo ya ce za a yi faretin karrama 'yan sa-kai a babban fili, a gaban manyan ƙasa, kuma Kwamanda zai shigo a kan dokinsa na tarihi. Na tambaye shi ko za a yi harbin girmamawa.

«Sosai ma. Sojoji za su jera, yana isowa tsakiya su harba sama. Akwai matsala ne?»

Na ce sirdin yana bukatar mai.

Na shafa wa sirdin man shanu har ya yi sheƙi. Na wanke zubka, na canza majayi da wanda ya fi tsawo. Ina aiki ina ganin abin a idona: an harba, Bidi ya ɗaga kunnuwa, ya kwashi shugaban 'yan sa-kai na ƙasa, wanda yanzu ya yi teɓa, ya keta layin sojoji da shi yana neman kwami, hula ta faɗi, kyamarori suna kallo. Ba sai na buɗe baki ba. Dokin da ya ba da labarin farko shi zai ba da na biyu. Na kwana biyu ina jin daɗin aikin sirdin nan fiye da kowane aiki da na yi a shekarun nan.

Abin da ya ɓata mini lissafi kwalta ce. Na je na duba filin, kamar yadda mai doki yake yi kafin ya kai dabbarsa ko'ina, na tarar daɓe ne mai santsi. Bidi ya tsufa, gwiwarsa ta gaba tana kumbura da sanyi. Idan ya yi sukuwa a wannan wuri ɗauke da nauyin Ishaya, zai zame, kuma dokin da ya karye a ƙafa magani ɗaya gare shi. Na tsaya a filin na daɗe. Ba don Ishaya na yanke shawarar yin magana ba, kuma ba na son a rubuta mini ladan da ban yi niyya ba.

Ishaya ya zo gwada sirdi wata ranar Talata da yamma, da motoci uku. Ya bar mutanensa a ƙofa ya shigo shi kaɗai. Bidi ya shinshina aljihunsa.

«Ranka ya daɗe,» na ce.

«Kai, Likita, bar wannan. Babu kowa a nan.»

«To, Ticha, akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba. Ranar rafi, ba kai ka kai Bidi ba. Shi ya kai ka. Ya ɗauka dawa za a zuba masa. Kuma idan aka harba ranar fareti, haka zai sake yi.»

Na shirya wa fuskarsa. Shekaru na yi ina shirya mata. Sai ya zauna a kan buhun dusa, ya cire hula, ya yi dariya har da tari.

«Wai kai kana nufin ban sani ba? Ɗakina yana bayan barga. Kullum kuna harbi yana kuka yana jan igiya. Har yaran makaranta sun san wannan doki yana son bindiga.»

«Ka sani, ka ce in sa masa sirdi?»

«Saboda shi na ce ka sa.» Ya daina dariya. «Nasiru, ni na san kaina. Tun ana ba da labari a barga tsoro ya kama ni. Na san idan aka buɗe wuta zan sauka in kwanta, kuma idan na kwanta ba zan tashi ba. Su kuma sojoji suna baya. Kafin su zo, an yanka mutanen ko an wuce da su. Matar yayana tana cikinsu. Sai na ce bari in hau wanda ba zai tambaye ni ra'ayina ba.»

Na ce ai da an harbe shi.

«Da an harbe ni. Shi ya sa ban ci abinci ba da safen.» Ya shafa wuyan Bidi. «Kai ka ce ba ya tsayawa. Ban taɓa jin magana mai daɗi kamar wannan ba.»

Na ɗauki ƙugiya na duƙa ina sakace kofaton da na riga na sakace da safe. Abin da na riƙe shekara da shekaru a matsayin nawa, ashe shi ya fara riƙe shi, kuma ya yi amfani da shi. Ya tambaye ni ko za a iya gyarawa kafin fareti, ko a nemo wani doki fari a shafa masa toka. Na ce ba a shafa wa doki toka a bargata.

Na nemi izini, na samo bindigar toka daga wani maharbi a Yangoji, na fitar da Bidi bayan gari. Koya wa tsohon doki ya bar abin da ya girma da shi ya fi koya wa duƙushi wuya. Na sa dabaibayi, aka harba, ya yunƙura ya kusa faɗuwa. Aka sake. Ya yi ta kallona kamar na ci amanarsa. Safe da yamma muke yi, har kunnena na dama ya fara ƙugi, har maƙwabta suka kai ƙara. Sai wata safiya aka harba, ya ɗaga kai, ya duba inda hayaƙi yake, ya sauke numfashi ya tsaya. Na jira. Sannan na miƙa masa gero. Na ci gaba da haka har na cire dabaibayin, har ya zama ana harbi yana korar ƙuda.

Ranar fareti aka ba ni sabon kaki marar lamba, aka ce in tsaya a gefen filin. Ishaya ya shigo da taƙama, zamansa a sirdi bai gyaru ba ko kaɗan, har yanzu buhun doya ne, sai dai buhun ya ƙaru. Ya iso tsakiya. Sojoji suka ɗaga bindigogi suka harba sama, sau uku. Tantabaru suka tashi, wata mata a rumfar baƙi ta yi ƙara. Bidi bai ko motsa kunne ba. Fili ya ɗauki tafi, mai sanarwa yana cewa a dubi yadda doki yake natsuwa a ƙarƙashin jarumi, a dubi hannun da ya san linzami.

Da aka gama na je na kama ragama don ya sauka. Masu hoto suna ce mini in matsa gefe, ina tare musu. Ishaya ya sunkuyo kamar mai gyara likkafa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

«Likita, ka ɓata mini doki. Yanzu idan ta sake ɓaci, wa zai kai ni?»

«Sai ka kai kanka, Ticha,» na ce. «Sauka ta hagu.»